Dami Ɗaya daga Kurfai

Tun ranar da aka ga na sauko daga mota a tashar Sakkwato da damin gero a ka, ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo ɗinki shagona sai ya zauna a benci ya ce, "Wai Hamidu, geron Nijar zinari ne?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kowa kuma ya ɗauka ya ƙara masa gishiri, har na ji an ce jandarma suka tsare ni. To, ga yadda abin ya faru, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Mu asalinmu Kurfai ne, ƙasar Filinge. A shekarun farin nan na zamanin soja Baba ya kwaso mu ya yo Sakkwato, ina goye. Ya bar gona babba a hannun abokinsa Arzika, aro, kafin ya dawo. Bai koma ba. Ƙanensa, Baffa, shi ya zauna Filinge yana leƙa ƙauyen kowace kaka. Baffa ya rasu, kaka ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, babu wani namu da ya taka can. Baba kuwa ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi.

Wata safiya ya kira ni. Baba mutum ne mai tsadar magana, sai ka ce saye yake yi. Ya ce, "Gonar nan za ta fita hannunmu. Tafi ka gaida Arzika, ka taka ta mutane su gan ka. Abin da ya ba ka, ka karɓa." Na ce to. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara ba, don a ganinsa babu ɗan Kurfai da za a tsaya yi wa bayanin wannan.

Na bi ta Illela na shiga Ƙonni. A kan iyaka wani jami'i ya duba katina, ya dube ni, ya ce ina za ni. Na gyara tsayuwa na ce, "Gida, Kurfai."

Ya dubi babbar rigata mai aiki da hulata da na sa wa kari, ya yi dariya. "Kai ɗin? To Allah shi kai ka gida lahiya, Alhaji." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga nan har na dawo Alhaji nake.

Daga Ƙonni hanya ta miƙe yamma, Dogon Dutsi, Doso, sai Yamai. Hausa tana raguwa Zabarmanci yana ƙaruwa, har na iske kaina ina cewa "fofo", sannunsu ke nan, ga duk wanda ya dube ni. A Yamai na kwana a rumfar tasha kan tabarmar haya. Da safe mai shayi ya miƙo mini burodinsu, dogo kamar sanda, mai taurin da sai da dasashina ya yi jini. Na ce ba shi da mai laushi? Ya ce wannan na yau ne, in ina son mai tauri akwai na jiya. Wata mata ta cece ni da kwaɗon zogale, su kopto suke ce masa, ta zuba mini a takarda na ci da hannu.

Motar Filinge tsohuwar bas ce, mutane ciki, awaki da buhuna sama. Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo Bazabarme, Mushe Saini, malamin lakwal da ya yi ritaya. Mushe shi ne malamin boko a wurinsu. Da ya ji ni ɗan Kurfai ne da bai san Kurfai ba, sai ya tafa hannu ya sanar da mota duka, ya mai da ni ɗalibinsa ba tare da shawarata ba.

Da muka gangara Baleyara ya ce, "Duba, daga nan ka shigo ƙasar Filinge, kuma ba ta ƙarewa sai iyakar Mali. Sufurefe ɗaya, wato babban jami'in mulki, ke riƙe da ita duka. In ya tashi rangadi, kafin ya dawo an yi suna an yi biki a gidansa."

Ya nuna mini kwarin da muke ciki, mai faɗi, yashi fari, goriba da gawo, tsaunuka ja sun tokare shi gabas da yamma. Shi ne Dallol Boso. Ya ce a da can kogi ne da ke gangarowa daga arewa, ya ƙafe tun ba a san tarihi ba, amma ruwan bai tafi ba, yana ƙasa. A cikin kwarin, rijiya gaba kaɗan ka tarar da ruwa. In ka hau tudu kuwa, sai jaki ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya fito. "Shi ya sa kowa kwarin yake so," in ji shi. "Duk faɗan da kakanni suka yi a ƙasar nan, kan wannan yashin ne."

Ya jera mini su kamar yana gaban allo. Zabarmawa a Tondikandiya, garinsu Damana, nan ne nasa. Buzaye a Imanan, garinsu Bonkuku. Mu Kurfayawa daga nan zuwa arewa, an ce daga gabas kakanninmu suka zo. Fulani kuwa ko'ina akwai ciyawa. Can sama Abala da Sanam, inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Ya ce kafin Nasara, yau a yi yaƙi gobe a yi aure. Nasara ya zo ya kafa bariki a Filinge ya haɗa kowa ƙarƙashin kumandan ɗaya, aka sami 'yanci aka gaji abin haka. Yanzu da farar hula suka dawo ana ta maganar kwamin-kwamin, wato ƙananan hukumomi, da raba ƙasar, kowane gari yana son nasa ofis.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Sai fara'arsa ta ragu. Ya ce zamanin soja an yi shela a rediyo cewa gona ta mai nomanta ce. Masu aro da yawa suka riƙe abin da ke hannunsu, masu kunya suka ci gaba da yadda aka saba. "Har yau shari'ar gona ce ta fi yawa a gaban sarakuna. In abokin babanka mai kunya ne, ka gode Allah. Amma ka tambaya ko 'ya'yansa sun gado shi." A mararrabar Damana ya sauka, ya bar ni da wannan a ciki.

Gab da Bonkuku taya ta fashe, ta sauyin kuma ashe ita ma a sace take. Muka baje ƙarƙashin gawo muna jiran yaron mota ya dawo daga gari. Nan na ga lambunan dankalin turawa a tsakiyar yashi, abin da na ɗauka sai Jos. Wata Buzuwa ta sayar mini da cuku, busasshen nonon nan nasu mai faɗi, na ɗauka takarda ce ta naɗe wani abu, na yi ta juya shi ina neman bakinsa. Ta karɓa ta gutsura ta nuna mini, matan da ke wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

A Filinge na sauka gidan Inna Ramatu, matar marigayi Baffa. Ta rungume ni ta yi kuka, ta share hawaye, nan take ta shiga faɗa: me ya sa na rame, me ya sa ban zo gaisuwar mutuwa ba, wannan riga ta mece ce. Ta ba ni ɗakin Baffa. Abinci kuwa, fura da safe, fura da rana, tuwo sai da yamma. Ni da na saba da shinkafa, rana ta biyu cikina ya fara ƙara kamar keken ɗinki. Amma nonon can, gaskiya, ba mu da irinsa.

Na tarar da kasuwar Lahadi. Ban taɓa ganin jajayen shanu masu yawa haka ba, irin Azawak, ga raƙuma, ga kanwa, ga tabarmin kaba. A rumfa ɗaya za ka ji harshe huɗu, kuma ciniki yana tafiya. Na ga wani ƙarfe kamar jinjirin wata a kan doguwar sanda, na ce mashin farauta ne? Mai sayarwa ya ce hauya ce. Su a tsaye suke noma, suna tura ta gaba cikin yashi. Da na ce mu a duƙe muke yi, ya ce, "Allah sarki, mi kunka yi ma Allah?"

Washegari na hau amalanken jaki zuwa ƙauyenmu. Inna ba ta bi ni ba, ƙafa ta hana. Ta dai ce in gaida kowa. Ita ma, kamar Baba, ba ta ga abin da za ta yi mini bayani ba.

Baba Arzika tsoho ne dogo, siriri, ya rankwafa. Da na faɗi sunan Baba ya kama hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya sa aka yanka zakara, alhali na ga kajin gidan ba su da yawa. Ya tambayi ƙafar Baba, ya tambayi ko har yanzu yana cin goro a ɓoye. Bayan azahar ya ɗauki sanda ya kai ni gonar da kansa, babban ɗansa Idi yana biye da mu, fuska ba yabo ba fallasa. Muka zaga iyaka, layin gamba ne daga gawo zuwa wata tsohuwar rijiya. Gona ce ta gaske, a tsakiyar kwari. Sai dai bana ruwa ya ɗauke da wuri. Karan sirara, zangarniya gajeru. A gida na leƙa rumbu da ido, bai kai rabi ba, ga yara cike da tsakar gida.

Da la'asar sai na ga mutane suna taruwa ƙofar gida, liman, wakilin mai gari, dattawa. Na ɗauka ni suka zo gani. Baba Arzika ya ce, "Idi, ɗauko." Idi ya shiga ya fito da damin gero ya dire a gabana. Tsohon ya dafa shi ya ce, "Ga na gona."

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ga ni da riga mai aiki, ana kirana Alhaji, na ci zakaran mutane, na ga rumbunsu. In ɗauki damin gero daga bakin yaran nan in kai ina? Maganar Baba ta zo mini, amma na ce a raina ai Baba bai ga rumbun ba. Na miƙe, na gyara murya, na yi jawabi irin namu na birni. Na ce, "Haba Baba, wallahi ba za a yi haka ba. Mu Allah ya rufa mana asiri. Ku kuka sha rana, ku ya kamata ku ci. Mun yafe, mun bar muku, har abada kada ku ƙara wahalar da kanku."

Wakilin mai gari ya dubi liman. Liman ya ce, "Kun jiya?" Dattawa suka ce, "Mun jiya." Idi, wanda tun safe bai yi mini murmushi ba, ya zo ya kama hannuna yana girgizawa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau na fitar da Sakkwato kunya. Baba Arzika kaɗai ya ci gaba da tonon ƙasa da sandarsa.

Na iso Filinge kafin magariba, Inna tana tankaɗe. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta leƙa bayana. Ta ce, "Ina damen?"

Na ba ta labari, har da kwaikwayon jawabin. Ta ajiye rariya. "Inna lillahi! Kac ce mi? Gaban liman?"

"Inna, dami ɗaya ne fa."

"Dami ɗaya! Kai, wanga yaro, birni ya cinye maka kai. Baffanka da ciwo da komi shina hawan jaki kowace kaka, kana zaton yunwa ka kai shi? Damen nan ba abinci ba ne. Mai aro shina aje shi gaban mutane, ya ce ke nan gonar ba tashi ba ce. Mai gona shi ɗauka, ya ce ke nan tashi ce. Ran da mai gona yac ce ya yahe, to gona ya yahe. Ubanka ya aiko ka ka riƙe mishi ita, kai ko ka taho ka yi kyauta da ita da bakinka!"

Wallahi sai da na zauna a kan turmi. Na ce yanzu yaya za a yi? Ta ce babu yadda za a yi, maganar da aka yi gaban shaidu ba a lashe ta. Sannan ta ce in koma dai tun da safe, in cire wannan riga, in sa ta Baffa.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hanya ba. Jiya na yi kyautar sarauta, yau zan koma in ce a ba ni abina, daga gidan da rumbunsu bai kai rabi ba.

Da na iso sai na ga damin yana nan inda aka dire shi, an kewaye shi da ƙaya don awaki. Baba Arzika yana zaune gefensa a kan buzu. Kafin in gama gaisuwa mutanen jiya sun fara dawowa, don a ƙauye ba a aika kira. Na durƙusa, na buɗe baki, ban san ta inda zan fara ba. Tsohon ya riga ni.

"Ɗana, jiya ka yi gaugawa ka mance kayanka."

Wakilin mai gari ya yi gyaran murya. "Arzika, yaron ga ya yi magana jiya. Kowa ya jiya."

"Ya yi magana? Ni dai na ga bakinai na motsi. Tsuhwa ta ci kunnena, ban ji komi ba. Ni anka ba aron gonar ga, ba ku ba. Abin da ban jiya ba, ba a ba ni shi ba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Idi ya taso, idonsa ja. Ba da ni ya yi ba, da ubansa ya yi, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ya ce tun yana yaro yake noman gonar nan. Shi ya kai mata taki, shi ya kare ta daga shanu, shi ya yi shari'a da maƙwabci kan iyakarta. Masu ita suna birni, ɗansu bai san ma hauya ba. Jiya Allah ya kawo musu ita har gida, da bakin mai ita, yau a ce ba a ji ba? "'Ya'yana mi za su gada, Baba?"

Tsohon bai ko waiwaya ba. Idi ya juya ya koma can bakin danga, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, ni da ke kusa da shi ban kama ta ba. Sai Baba Arzika ya ɗaga sanda. "Kai Idi, na ji ka. Ba a hwaɗin haka gaban baƙo."

Wani dattijo ya fashe da dariya, ya toshe baki da rawani. Sauran suka yi kamar ba su lura ba. Liman ya shafa fatiha da sauri. Na sunkuya na ɗauki damin, ƙaya ta soke ni, na ɗora a ka. Ba shi da wani nauyi, amma da ƙyar na miƙe.

Tsohon ya raka ni har bakin hanya, a hankali, yana dogara sanda. Da muka yi nisa da mutane ya tsaya. Ya ce shekarar da Baba ya tafi, da bai bar masa gonar nan ba, da shi ma ya bi hanya da iyalinsa, kuma ba ya zaton duka za su kai. Ya ce, "Ka gaya ma ubanka amanatai na nan. Amma kunnen ga sau guda shika mutuwa. In ba ni nan, ɗiyana suna ji garau."

Inna ta sa na sayi masara a kasuwa, ta aika wa matan gidan Baba Arzika ta hannun wata ƙawarta, ba ta ƙofar gida ba. Ta ce kyauta daban, dame daban, kada in ƙara haɗa su.

Dawowa, damin ya sha kallo. A kowace tasha sai yaran mota sun yi mini tsiya, awakin saman mota kuma suka rage masa gefe ɗaya. A kan iyaka aka ce bana ba a fitar da hatsi daga ƙasa. Wani jami'in duwan, wato kwastan, mai furfura ya zo ya duba, ya ga ɗauri ɗaya ne, da zangarniyarsa. Ya ce, "Na gona ne?" Na ce na gona ne. Ya ce, "Wuce." Shi bai buƙaci bayani ba, ni kaɗai ne a ƙasar nan na buƙata.

Baba ya sa aka ajiye damin a ɗakinsa, kusa da gado. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Da na zo kan maganar kunne ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya juya fuska bango ya daɗe. Tun daga ranar, duk wanda ya zo duba shi sai ya nuna masa damin ya ce daga gonarsa ne.

Shekaranjiya wani falken shanu ɗan Filinge ya biyo ta shagona da saƙo daga Idi. Baba Arzika ya rasu farkon damina. Idi ya ce a gaya mana, kuma in na samu hali in je gaisuwa. Na tambayi falken yaya amfanin gona bana, ya ce gero ya yi kyau ƙwarai a kwari. Na ce, Idi bai ce komai ba kan dami? Ya yi tunani, ya ce a'a, iyakar saƙon ke nan.

Ban gaya wa Baba ba tukuna. Jiya da na kai masa abinci ya ce kaka ta kusa, in ɗinka wa Arzika riga mai kauri in tafi masa da ita, don sanyin kwarin ba ya yi wa tsoho daɗi. Na ce to. Ya ce in ƙara mata tsawo, mutumin dogo ne.